Ungozomar Danchadi

"Ki yi Kalmar Shahada mu huta, Ladi!" in ji Kaltume daga bakin ƙofar bukkar, gefen mayafinta a hanci. "In kin ƙiya, wallahi babu mai taɓa gawarki."

Safinatu ba ta ɗago kai ba. Tana durƙushe tana wanke gyambon da ya cinye ƙafar tsohuwar da tsumma da ruwan bagaruwa. Tsutsotsi biyu suka faɗo cikin kasko. 

Ladi baiwar gidan Sodangi ce, mijin Kaltume. Shekara talatin ke nan da aka kawo ta Danchadi daga Lakwaja, inda Nasara suka yi mata wanka a kogi ta shiga addininsu. Sunan Ladi ma a Danchadi ta same shi, don ko an doke ta ba ta ɗaukar fartanya ranar Lahadi. Ita ce ungozomar gari. Rabin matasan Danchadi ita ta yanke musu cibiya, ta wanke mabiyiyarsu, ta binne a bayan ɗaki.

Safinatu maƙwabciyarsu ce, ta yi karatu a Sifawa wajen malamai mata, kuma ta san ta yi. Shekara uku tana yi wa tsohuwar wa'azi, da ta gaji ta daina ko gaishe ta. Wari ne ya tsallako danga ya jawo ta shekaranjiya, ta tarar kwana biyu ba wanda ya ba Ladi ruwa.

Kaltume ta tofar da yawu ta tafi.

"Malama," Ladi ta ce da ƙyar, "har yanzu kina hushi da ni?"

"Ina yi, Inna. Taurin kanki ya hi dutse."

Tsohuwar ta yi 'yar dariya. A hannunta akwai karan dawa biyu da ta ɗaure a gicciye da zare.

"Ba kullum nike haka ba. Ranar da Sodangi yas saida ɗana a kasuwar Jega, na karya irin wanga na jefa murhu. Shekara bakwai ban kira sunan Almasihu ba. Sai Kaltume ta tashi haihuwar Maniru. Ya hito cibiya naɗe da wuyanai, ya yi baƙi, ɗakin daga ni sai ita, ita ko ta suma. Nic ce, Ladi, naɗe hannunki kawai, ɗa ya biya ɗa."

Tsumman ya tsaya a hannun Safinatu.

"Sai nij ji kamar an ce mani, ke wa yay yahe maki? Niw warware ta, nib busa mashi a baki. Da yay yi kuka, ni ma niy yi. Daga ranan addu'ata ta dawo." Ta kama wuyan hannun Safinatu. "Abu guda nika roƙo. Kada a bar ma kuraye ni. A ruhe ni da ƙasa."

"Za a ruhe ki."

Da hantsi ya dubi ludayi Ladi ta cika. Safinatu ta rufe mata ido, ta shiga gida ta ɗauko farin zanen da ta kaɗa zarensa da hannunta, ta naɗe ta, karan na nan a ƙirjinta.

Tana fitowa ta ga Maniru, ƙato mai gemu, ya jawo jaki da igiya. Mata sun taru a gindin tsamiya suna kallo, kowace da ɗan da Ladi ta karɓa.

"Gusa, Malama," ya ce. "Kwazazzabo za mu kai ta. Kahira ta."

"Da igiya?"

"Yo da mi? Wa za shi sa hannu ga wagga ƙazanta?"

Safinatu ta dube shi tun daga rawani har takalmi, ta ji ƙyamar da ko gyambon bai sa mata ba.

"Ni ban ce a yi mata salla ba, na san abin da littahi yac ce. Amma littahin ya ce ɗan Adam ruhe shi aka yi, ba a bar ma dabba. In kana da wani karatu, kawo shi nan gaban mutane."

"Mace ba ta koya mani addini."

"To mace ta wanke ƙazantarka. Gwaggo Kaltume, mabiyiyar Maniru wa yab binne ta? Ko jaki anka ɗaura ma ita?"

Kaltume ta juya baya. Wata a gindin tsamiya ta yi dariya ta toshe baki. Sauran maganar, ta cibiya a wuya, tana bakin Safinatu, ta haɗiye. Ba tata ba ce.

Ta ɗauki fartanyar Ladi da ke jingine jikin bukka, ta nufi gefen gonar gero, ta ɗaure zane ta fara sara. Ƙasar damina ce, tana da taushi, amma kafin rami ya kai gwiwa tafinta ya yi bororo ya fashe. Ba wadda ta motsa. Rana ta take tsaka, sannan inuwar Maniru ta faɗo cikin ramin.

"Kawo," ya ce, bai dube ta ba. "Kada a ji har Bodinga mace ta gina kabari a gidanmu."

"Don wannan ɗai?"

Ya miƙo hannu. Ta miƙa masa, ta goge hannunta a zane inda yatsunsa suka taɓa.

Su biyu suka sa ta, suka mayar da ƙasa, ya ja jakinsa ya wuce. Da la'asar aka yi ruwa mai yawa. Bayan kwana shida Safinatu ta bi ta wajen za ta rijiya, ta ga tudun ya ɗan lotsa, tsiron gero uku sun fito a daidai kai.