Facin Baranda

Ba a rushe barandar ba. Mai walda ya zo da safiyar Asabar da ƙarafa a bayan mota, ya tarar katakon yana sheƙi da sabon fenti, ya sha ruwa ya juya.

Barandar ta Mai Faci ce, dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana liƙe tayoyi a bakin titi. Da hannunsa ya kafa ta a gaban gida shekarar da ya bar aiki. Bana sai wasu manyan baƙaƙen ƙudan zuma suka same ta, irin waɗanda ba ruwansu da yin zuma, sai huda katako. Garin katako ya riƙa zuba kan tabarmarsa. Babban ɗansa ya ƙwanƙwasa ginshiƙi, ya ji kamar ganga, ya ce ƙarfe za a sa kafin rufin ya faɗo wa wani a ka. Ya ba uban wa'adi zuwa ƙarshen wata.

"Ni za a nuna wa huda?" in ji Mai Faci.

Ya jawo tsohon akwatin aikinsa. Ya yanka tsohon tub na taya ƙanana-ƙanana, ya kankare bakin kowane rami, ya shafa gam, ya hura, ya liƙe, ya danna da babban yatsa. Surukarsa, matar ɗan, ita ta riƙe masa tsani. Ƙudan na shawagi a gaban hancinsa, yana kauce musu yana cika baki, ita kuma dariya ta hana ta riƙe tsanin da kyau. Da ya sauko ya sa ta kira mijinta a waya ta gaya masa ya sallami mai walda.

Ba a yi kwanaki ba, kusa da kowane faci sai ga sabon rami. Waɗanda ya rufe a ciki sun huda sun fito.

"Baba, iska kaɗai ka saba tarewa," in ji surukar. "Waɗannan da bakinsu suka zo."

Ita ta je shagon maganin ƙwari. Mai shagon ya ba ta hoda, ya ce a hura a cikin ramukan, a bar su a buɗe ƙudan su yi ta shiga da fita suna kwasa. Sai an daina jin motsi a toshe da katako, a shafe da fenti mai kauri, don busasshen katako marar fenti suka fi so.

Hurawar ta yi wa Mai Faci daɗi. Da famfon tayarsa ya yi ta, hoda na tashi, yana kiran maƙwabta su zo kallo. Jiran ne ya kusa kashe shi. Tunda yake bai taɓa ganin huda ya bar ta a buɗe ba. Sai da surukar ta ɓoye gwangwanin gam a ɗakinta.

Ranar da ƙarar ƙudan ta ɗauke, ya fere 'yan sanduna ya buga a kowane rami, suka yi fenti har sau biyu. Ɗan ya sake ƙwanƙwasa ginshiƙan, ya ɗaga kafaɗa, ya ce a bar wa Baba kayansa. Ya manta bai gaya wa mai walda ba, shi ya sa mutumin ya yi zuwan banza.

Motar mai waldan na shan kwana, Mai Faci ya zo shimfiɗa tabarma, yana murmushi. A gindin ginshiƙin ƙarshe ya ga ɗan tulin garin katako, sabo, mai haske. Ya ɗaga kai ya bi fentin da ido. Ko'ina sumul.

Ya ja tabarmar ya rufe garin. Surukar na tsaye a bakin ƙofa, ta gani, ta koma ciki.

Mai walda dai ya ce ƙarafan na nan a ajiye. Ramin kuwa, har yanzu ba a gano shi ba.