Rabon Kayan Gwinyai

Tete Marwei ta tsoma ganye a kwanon ruwa, ta yayyafa wa kayan da aka baje a kan tabarma: riguna, wanduna, kwat ɗin zuwa coci, takalma, da akwatin aikin Gwinyai. Jiya aka binne shi. Yau dangi sun taru a tsakar gidansa na haya a garin Chitungwiza don a raba abin da ya bari, kuma yayarsa Marwei, wadda ake kira Tete, wato gwaggo, ita ce mai rabo, kamar yadda aka saba.

Shuvai, matar marigayin, tana zaune a ƙasa da baƙin ɗankwali, ta miƙe ƙafafu. Ba ta kalli tufafin ba. Idonta na kan akwatin.

Rabon tufafi bai ja lokaci ba. Wanda aka kira sai ya tafa hannu, ya karɓa, ya koma mazauninsa. Kwat ta faɗa wa wani gajeren kawu, ya saka, hannuwanta suka haɗiye masa yatsu. Aka yi 'yar dariya, ta farko a gidan tun rasuwar.

"Kayan aikin namiji na maza ne," in ji Tete. "Takawira, matso."

Takawira ƙanen Gwinyai ne, direban motar haya, abokin wasan Shuvai tun ranar da aka kawo ta gidansu. Ya durƙusa ya buɗe akwatin. Ya fito da sukundireba, da filaya, da naɗin dalma, da gwangwanin ƙaro. Daga ƙarshe ya ɗago ƙarfen lantarki mai jan mariƙi, wanda ake narka dalma da shi a liƙe wayoyin cikin rediyo.

"Wannan kam na san mai saye a tasha," ya ce.

Shuvai ta sunkuyar da kai. Kowa a wurin ya san Gwinyai mai gyaran rediyo da talabijin ne a gefen kasuwa. Abin da ba su sani ba, tun da hannunsa ya soma rawa, ita ce take zama bayan tarin talabijin ta yi liƙin. Shi yakan karɓi aiki a bakin shago, ya shigo ya nuna mata wurin da yatsa. Ya roƙe ta kada danginsa su ji. Da ƙarfen nan za ta iya riƙe shagon, 'yarsu Anesu ta ci gaba da makaranta. Idan ƙarfen ya tafi, ba ta da halin sayen irinsa, sai dai su koma ƙauye gidan wanta.

"A gwada tukuna," in ji Takawira. "Yau an tuna da mu, akwai wuta."

Aka zuro waya ta taga, ya jona ƙarfen. Sai a lokacin Shuvai ta ga bakinsa: baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ta tuna. Ranar da Gwinyai ya faɗi a shago tana tsakiyar aiki. Ta bi motar da ta ɗauke shi da gudu, ta bar ƙarfen a kunne, yana ci shi kaɗai har aka ɗauke wuta.

Takawira ya kanga dalma a bakin. Ta daɗe kafin ta narke, da ta narke kuma ba ta kama ba. Ta dunƙule ta gangara, ta faɗi a siminti. Ya sake, ta sake faɗuwa.

"Shi ma ya bi mai shi," ya ce.

"Kai, iya bakinka," in ji Tete.

Zuciyar Shuvai ta ɗan yi sanyi. Idan ya ce matacce ne, za a watsar da shi cikin tarkace, ta tsince shi bayan an watse. 

Amma Takawira ya sake laluben akwatin, ya zaro magagari.

"Tsatsa ce kawai. Bari in kankare masa baki, ku ga aiki."

Shuvai ta san abin da magagari zai yi. Bakin ƙarfen yana da siririyar fata a kan jan ƙarfen da ke ciki. Idan aka goge fatar, zai yi ƙyalli yau, gobe dalma ta cinye shi ya zama rami, kuma ko su da Gwinyai sun nemi irin bakin a gari sun rasa. Matar mamaci ba ta magana a wurin rabo. Takawira ya ɗora magagarin.

"Ajiye abin nan."

Duk aka juyo.

"Matar yaya," in ji Takawira yana murmushi, "wannan fa ba tukunyar tuwon sadza ba ce."

"Da tukunya ce ai da ka gane ta. Nan kaɗai ka ƙware."

Matan da ke bayan Tete suka toshe baki. Shuvai ta matso a kan gwiwa ta karɓi ƙarfen. Ta zare wayar, ta jira ya ɗan huce, don zafi mai yawa shi ke ƙara masa baƙi. Ta ce a jiƙo mata soso, a matse shi sosai. Ta cusa bakin a cikin ƙaro, ta nannaɗe shi da dalma kamar zare a tsinke, sannan ta ce a jona.

Hayaƙi ya tashi siriri. Dalmar ta narke ta zube. Ta goge a soso, ya yi cuu, bakin yana nan baƙi.

"To, malama," in ji Takawira.

Ba ta kula shi ba. Ta sake tsomawa, ta sake shafa dalma, ta sake gogewa. Ƙamshin ƙaron ya cika mata hanci. Shi ne ƙamshin da ba ya fita daga rigunan Gwinyai komai wanki. Idonta ya kawo ruwa, ta share da kafaɗa, hannunta bai motsa ba. A wani karon sai wani ɗan fari ya bayyana a gefe, bai fi idon kifi ba. Ta bi shi a hankali, tana juya ƙarfen tana ciyar da shi, har farin ya zagaye bakin duka. Ta tsinci guntayen waya biyu daga akwatin, ta haɗa kansu, ta taɓa sau ɗaya. Ta miƙa wa Takawira. Ya ja da hannu biyu, ba su rabu ba.



"Maman Anesu," in ji Tete a hankali, "tun yaushe?"

Shuvai ta ɗago kai ta dube ta.

"Tun da hannunsa ya fara rawa. Ya ce kada ku ji, Tete. Ga shi na faɗa."

"Ni na goye shi," in ji Tete. "Da ya zo Kirsimeti na ba shi shayi ya ce ya ƙoshi. Gwinyai da shayi! Na san da magana, na dai ƙyale shi da kunyarsa."

Takawira ya yi gyaran murya, ya miƙo hannu, rabi wasa rabi gaske. "To, yanzu kam ya tashi. Na gode, matar yaya."

Shuvai ta juya mariƙin wajensa. Tete ta tare da kwanon ruwa.

"Ni kayan mamaci aka sa ni in raba. Wannan mai shi tana da rai."

"Amma Marwei," in ji gajeren kawu, "kin riga kin yayyafa masa ruwa."

"Ruwan ya taɓa ƙafata ma, Kawu. Ni ma za a raba ni?"

Aka fashe da dariya. Takawira ya sosa ƙeya, ya tura mata dalmar da gwangwanin ƙaro da bayan hannu. "Ɗauki har da abincinsa. Amma rediyon motata ta daina magana, ki sani."

"Ta gaji da gasa da kai ne," in ji Shuvai. "Kawo ta."

Ta haɗa tafukanta za ta tafa, kamar yadda kowa ya yi kafin ya karɓa. Tete ta riƙe mata hannu.

"Ba a tafa wa abin da yake naka."

Aka raba sukundireba da filaya, aka raba takalma. Tete ta kaɗe tabarmar ta naɗe. Mutane suka fara miƙewa, kowa da wani abu na Gwinyai a hammata. Shuvai ta duba abin da ke hannunta, wanda yanzun nan aka shaida a gaban kowa cewa ba nasa ba ne. Ta narka ɗigon dalma a bakinsa don kada ya sake baƙi, ta zare wayar, ta jingina shi a kan bulo. Ta zauna kusa da shi tana jiran ya huce.