Madatsar Ƙarshe ta Alwyn Tranter

Tun da aka binne mahaifiyarta Glenys, Hazel ke roƙon mahaifinta ya sayar da jirgin ruwan da yake zaune a ciki ya koma gidanta a Coventry. Alwyn Tranter kuwa taurin kai gare shi kamar kafaffen jaki. Da ƙyar suka yi sharaɗi: in ya tsallake da jirgin madatsa guda shi kaɗai, irin mai ƙofofin nan da ake rage wa ruwa don jirgi ya sauka zuwa ruwan da ke ƙasa, za ta sakar masa mara ya ci gaba da zama a kan ruwa. In ya kasa, ya tattara kayansa.

Ta biyo gefen ruwan a kan keke, ta jingine shi, ta harɗe hannu.

"Kada ki taɓa komai," in ji shi.

"Ni 'yar kallo ce, Baba. Ka dai lura da gwiwoyin nan naka."

"Gwiwoyina sun girme ki."

Duk tsawon aurensu aikin a rabe yake: Glenys ke tuƙi, shi ke sauka ya buɗe ƙofofi. Ɓangarensa kam ya iya shi ko ido rufe. Ya shigar da siririn jirgin, ya fito, ya rufe ƙofar baya, ya sa ƙarfen murɗawa da ke hannunsa ya saki ruwa. Ruwan ya yi ta janyewa, jirgin na nutsawa tsakanin baƙaƙen bangaye har rufinsa ya koma ƙasa da ƙafafun Alwyn. Ya sa baya ya tura gungumen ƙofar gaba, ta buɗe. Har ya ji daɗi ya kama shi.

Sai ya ɗaga hannu, ya ce, "To, Glen, fito da shi."

Jirgin bai motsa ba. Babu kowa a wurin tuƙi.

Kunya ta rufe shi, baƙin ciki ya biyo baya. Ya sauke hannun, ya nufi tsanin ƙarfen da ke jikin bango, wanda gansakuka ta lulluɓe. Ya zura ƙafa ɗaya, gwiwar ta hau rawa. Ya daɗe a haka yana duban rufin jirgin can ƙasa, sannan ya janye ƙafar.

Hazel ta warware hannu, ta matso. Ta bi tsanin ta sauka, ta fitar da jirgin a karkace har ya gogi bango, abin da uwarta ba ta taɓa yi ba. Shi kuma ya bi ƙofofin ya rufe su tsaf, don ba a barin madatsa a buɗe wa na baya.

Da ya iso bakin ruwa, idanunta sun yi ja.

"Baba, a bar wannan, a sake gwada ta gaba."

"A'a, 'yar nan. Magana ɗaya ce." Ya miƙa mata ƙarfen murɗawar. "Ɗakin da kika ce, tagarsa na kallon ruwa?"

"Wurin ajiye motoci take kallo, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya shiga cikin jirgin ya ɗora butar shayi.