Daga Wane Teku Aka Auna?

Etelka, mai nazarin ruwa, ta sake zuba awon rijiyoyin a kwamfuta, zanen ya sake fitowa a karkace. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ta sauka a hankali shekara da shekaru, sai kwatsam ya yi tsalle sama, can kuma ya faɗo.

"Ruwan nan barasa ya sha ne?" in ji Zalán, abokin aikinta, yana leƙowa da burodi a hannu.

"Matsa can, kana zuba min ɓurɓushi. Matsalar teku ce."

Ƙasarmu Hungary ba ta da tekun da za a wanke ko ƙafa, amma tsayin kowane wuri daga bakin teku ake auna shi. Sai muka ari na mutane, har biyu don zari. Mutanen da suna aunawa daga tekun Adriyatik, na baya suka koma tekun Baltik, tsakaninsu kuwa akwai kusan kamu ɗaya da rabi. Baba Kálmán, tsohon ma'aikacin ofishinsu wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin rijiyoyin ƙauyuka da igiyar awo, ya yi aiki da duka biyun, bai taɓa rubuta wace rijiya ce ta wane teku ba. In aka tambaye shi sai ya ƙwanƙwasa goshinsa, wai komai yana nan a ciki. Yawancin rijiyoyin an cike su an yi shuka a kai, balle a koma a sake aunawa.

Yau kuma ake rufe karɓar bayanai a babban rumbun da masu nazarin ruwa da na duwatsu da na yanayi suka haɗu suka kafa. Dokarsa ɗaya ce: awon da ba a san mafarinsa ba, ba ya shiga.

"To ki canka mana," in ji Zalán. "Wa zai gane?"

"Wanda zai haƙa rijiya a kan ƙaryata zai gane."

Ta ɗauki jakarta ta hau taragon cikin gari zuwa asibitin da Baba Kálmán yake kwance. A hanya abin ya yi ta cin ta. Bara tsohon ya kira ta ya fi a ƙirga. "'Yar nan, zo lambu. Piroska za ta yi miyar kifi, mu zauna in faɗa miki rijiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya." Ita kuwa tana ta yawon tarurruka a Vienna, tana yi wa manyan masana lacca a kan muhimmancin musayar bayanai. Ta ce masa sai ta dawo, da ta dawo ta ce sai an sha iska. Kafin a sha iskar ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke.

Ta tarar da matarsa, Inna Piroska, tana goge masa baki da tawul.

"Kai, tsoho, buɗe ido! Ga 'yar gudun hijirarka ta tuna hanya."

"Inna, ki yi haƙuri. Aiki ne."

"Aikin nan dai shi ya cinye min wannan, ga ragowar a kwance. Zauna."

Etelka ta zauna ta kama hannunsa mai lafiya, ta buɗe sunayen rijiyoyin a wayarta.

"Baba, in na faɗi daidai ka matse hannuna. Rijiyar bayan coci, daga Adriyatik aka auna?"

Ya matse. Ta yi murna.

"Ta gonar inabi fa, Adriyatik?"

Ya matse. Ta ambaci ta uku da ta huɗu, duk yana matsewa. Sai shakka ta kama ta, ta koma kan ta farko.

"Baba, ta bayan coci, daga Baltik ne?"

Ya matse, har ya fi na ɗazu ƙarfi. Idanunsa na kan fuskarta, ko kallon wayar bai yi ba.

"Ba amsa yake ba ki ba, 'yar nan," Inna Piroska ta ce a hankali. "Murna yake yi kin zo. Kujerar da ya fitar miki tana nan ƙarƙashin bishiya, ya hana a shigar da ita har ruwa ya lalata ta."

Etelka ta sunkuyar da kai. Baƙin cikin da ya tokare ta ya wuce na aiki, ko da yake aikin ma ya tafi ke nan: duk zufar da mutumin nan ya zubar za ta zauna a kwamfuta, lambobi tsaf, ba mai iya amfani da su.

Wayar ta yi ƙara. Zalán ne.

"Ranki ya daɗe, za a rufe fa. In sa na tsohon ko in bari?"

Ta dubi yatsun da suka riƙe nata.

"Tura sauran. Nasa ka bar su."

"Yanzu za ki dawo?"

"A'a," ta ce. "Yau ina da lokaci."

Ta kife wayar a kan gado, ta gyara zama, ta bar hannunta a cikin nasa.