Gilashin da Ke Ɓoye Baya

Ranar da na shiga shagon kyamarori, abin da na sani game da kyamara bai wuce cewa baƙa ce kuma tana da nauyi ba. Ƙarya ce ta kai ni. Mahaifiyarmu nake so in yi wa ita, kuma ina so ta fito tsaf.

Yayana yana kwance a asibiti, ƙodarsa ta taɓu, ana yi masa wankin ƙoda. Umma kuwa tana wani gari a gidan Kawu, da hawan jininta da zuciyar da likita ya ce a riƙa lallaɓawa. Yaya ya ƙeƙasa ƙasa ya ce ba mai gaya mata sai ya miƙe da ƙafarsa, kuma ya sa na yi masa alkawari. Matsalar ita ce ya sabar mata da hotonsa duk ƙarshen mako. Muka yi ta tura tsofaffi, har ran da ta ce min a waya, "Auta, wai yayanki riga ɗaya gare shi yanzu?" Na yi dariyar dole na sako wani zancen.

Na gwada ɗauka da wayata. Duk inda na juya sai asibiti ya leƙo: ƙarfen ƙarin ruwa, koren labule, ƙafar mutumin gado na gaba. Da na kunna abin nan na waya mai dusashe baya, sai ya cinye wa Yaya kunne ɗaya, ya bar ledar ruwa tana reto a kansa. Dama na daɗe ina burin babbar kyamara, irin wadda ake kwance mata gilashin gaba a ɗaura wani, saboda jakunkunan da nake ɗinkawa ina tallatawa. Ban taɓa zaton da wannan aikin za ta fara ba.

Mai shagon mutum ne mai son a tambaye shi, ko ba a tambaya ba ma yakan amsa. Ya jera min kyamarori a kan kanta ya shiga zuba: wannan ta fi ganin duhu, waccan ta fi sauri, ga wata ta masu ɗaukar wasan ƙwallo. Kaina ya ɗaure. Da ya ga na fara kallon ƙofa sai ya sassauta.

"Malama, ki kwantar da hankalinki. Jiki daban, gilashi daban. Mai koyo ƙaramin jiki ya ishe shi, kada ki ɗaukar wa wuyanki kaya. Gilashi shi ne magana. Ga wanda ake haɗo ta da shi, yana jawo abu kusa yana tura shi nesa. Gwada a kaina."

Na ɗaga, ban ga komai ba sai duhu. Ya miƙo hannu ya cire murfin gaban, bai ko yi dariya ba, na ji daɗin haka. Na danna. Ga shi nan a ɗan allon kyamarar, ga kwalayen bayansa duk a fili, har rubutun jikinsu ana karantawa.

"Ba irin wannan ba," na ce. "So nake mutum ya fito, bayansa ya ɓace."

Ya ɗauko wani dogo kamar taɓarya ya ce shi ma yana wannan aikin, amma sai na ja da baya sosai. Na tuna tsakanin gadon Yaya da na maƙwabcinsa, inda ko kujera da ƙyar take shiga, na girgiza kai. Sai ya ɗauko wani ɗan guntu mara kwarjini.

"To ga wanda muke kira fifti. Ba ya jawowa, ƙafarki ce za ta yi tafiyar. Ki murɗa nan ki buɗe masa ido gaba ɗaya, ki ɗora jan ɗigon nan na allo a kan idon mutum, shi ke nan."

Na yi yadda ya ce. Kwalayen suka narke, suka koma launi kawai. Na ji wani sanyi a raina, sai kuma kunya ta biyo baya, don na san abin da nake murna a kai.

"Masu neman aure suka fi sayensa," in ji shi yana naɗe min. "Wa za a ɗauka?"

"Yayana."

"Allah ya sa a dace."

Na ce amin, na fito da ƙaramin jikin da fifti a jaka.

A gida na kwashe yini ina koyo a kan jakunkuna. Rabin hotunan sun yi dishi-dishi, wasu kuma maɓalli ya fito jakar ta ɓace. Na yi ta tsaki ni kaɗai, amma kafin la'asar hannuna ya fara faɗawa.

Washegari lokacin ziyara na tafi da shuɗiyar rigarsa mai dogon hannu. Nas ta taimaka muka ɗaga kan gadon, muka ɓalla masa maɓalli har wuya don ya rufe bandejin da ke ƙasan haɓarsa. Rigar ta yi masa yawa, na tattare rarar na cusa a bayansa. Yaya yana ta tsokanata.

"Auta mai hoto. Nawa ne kati ɗaya?"

"Ka yi shiru ka kalli taga."

Na ja baya har na dangana da gadon maƙwabci, mutumin ya janye ƙafarsa ya ba ni wuri. Hoton farko ya kama hanci. Na biyu Yaya ya ƙifta. Murmushin da yake riƙewa ya fara gajiyar da shi, na ga numfashinsa yana hawa. Na riƙe nawa numfashin, na ɗora jan ɗigon a idonsa na danna.

Asibiti ya ɓace kam. Koren labulen ya zama kamar inuwar lambu, ƙarfen ruwan babu ko alamarsa. Abin da ya rage shi ne fuskar Yaya, kuma ita ban shirya mata ba. Kullum ina zuwa, amma ashe ledar ruwa nake kallo, da kwanon abinci, da bakin likita. Yanzu ga kumburi a ƙarƙashin idanunsa, ga leɓɓa sun bushe sun tsattsage, ga fatarsa ta yi toka-toka, gefen goshinsa ya lotsa. Babu wani abu a hoton da ido zai gudu ya kalla sai ita. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ran da aka kwantar da shi.

"Ya ɓace?" ya tambaya.

"Ya ɓace."

"To tura mata."

"Yaya, ba za ka duba ba?"

"Na yarda da ke. Tura kafin ta fara kira."

Na so in ce a sake, amma na san ko sau nawa aka sake wannan fuskar ce za ta fito. Na mayar da hoton wayata na tura. Ko zama ban yi ba wayar ta yi ƙara. Na fita baranda.

"Hoto ya yi kyau," in ji Umma. "Wa ya ɗauka?"

"Ni ce, Umma. Kyamara na saya."

"Kin iya."

Da ta sake magana muryarta ba ta rawa ko kaɗan, wannan ya fi tayar min da hankali.

"Ki ce masa ya daina wannan murmushin, wahala yake ba shi. Wane asibiti ne?"

Na buɗe baki in musa, kuka ya riga ni. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce ba ta tambaye ni dalili ba, sunan wuri kawai take so. Na ce zan kira ta.

Da na koma, Yaya ya kalli idona sau ɗaya ya gane. Ransa ya ɓaci, ya ce na yi sakaci, wataƙila gefen gado ya fito, ko hannun nas. Na ce babu abin da ya fito. Ya miƙo hannu, na ɗora masa kyamarar, na tallafe ta don ta yi masa nauyi.

Ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa ya taɓa ƙarƙashin idonsa, ya sake kallon allon.

"Ashe haka na koma," ya ce a hankali.

Ya ture kyamarar, ya fara ƙoƙarin kwance maɓallin wuyansa, yatsunsa suka kasa, na kwance masa.

"Auta, kira Kawu," ya ce. "Ki ce ya kawo min ita. Su taho a hankali."