Farfesa Phadke Ya Zo Neman Aiki

Injin ɗakin binciken Dakta Vaidehi Karandikar ya yi watanni a kashe, tun da ma'aikacin da ke kula da shi ya tafi Dubai. Injin ne ke auna iskar argon da ta maƙale a cikin dutse, daga nan a gane shekarun dutsen. Duwatsun da ɗalibai suka kwaso daga tsaunukan bayan birnin Pune na Indiya sai taruwa suke a buhuna. Da ƙyar jami'a ta yarda a ɗauki wani na wucin gadi, aka ce duk mai so ya zo ranar Talata da takardunsa.

Ita da shugaban tsangaya, Inamdar, suke tantancewa. Sun sallami matasa da dama, sai masinja ya turo wani dattijo mai furfura, riƙe da lema. Vaidehi ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Farfesa Sadashiv Phadke ne, malaminta, wanda a hannunsa ta fara ganin irin wannan inji. Ta zagayo za ta taɓa ƙafafunsa don girmamawa, kamar yadda al'adarsu take, ya ja da baya.

"Koma ki zauna, 'yata. Yau ke ce mai tambaya."

Ya ce jami'ar kuɗin da ya koma ta rufe sashensu bara, injinsa kuma an sayar wa 'yan gwangwan. Inamdar ya yi ta goge tabarau, sannan ya tuna masa cewa aikin nan na sifana ne da canza man famfo, ko ranar babban bikin Diwali babu hutu. Phadke ya ce ya sani, shi ma ya sha ɗaukar irin waɗannan ma'aikata.

Dole a yi masa gwajin da aka yi wa kowa: ya haɗa bututu biyu da zoben jan ƙarfe a tsakani, ya ɗaure yadda iskar waje ba za ta samu hanya ba, domin kaɗan ta shiga, awon ya lalace. Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki sifana. Nan Vaidehi ta ga abin da riƙon lema ya ɓoye. Hannunsa na dama rawa yake, sifana na ta ƙwanƙwasar bututu. Ya danne shi da na hagu, noti ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin tebur. Babu wanda ya iya sunkuyawa ya ɗauko.

"Da safe ya fi lafawa," in ji shi.

Ya ajiye sifanar a hankali, ya yi godiya, ya fita.

Wata matashiya, Rukhsana Tamboli, wadda ta yi aiki a masana'antar magani, ita ta haɗa bututun babu ko tangarɗa, ita aka zaɓa. Vaidehi ta ce ita za ta gaya wa malaminta da bakinta.

A baranda ta same shi kan benci, matarsa Sulabha na gefensa da kwalin alawar madara a cinya. Matar ta tashi ta rungume ta.

"Vaidehi, kin rame! Na ce masa tun da ke ce a ciki, kujerar farfesan nan tasa ce. Yaushe zai fara shiga aji?"

Vaidehi ta dubi Phadke. Ya girgiza kai kaɗan, idonsa a ƙasa. Ashe bai gaya wa matarsa irin aikin da ya zo nema ba.

"Ba a gama shawara ba tukuna, Inna," ta ce.

Sulabha ta tura mata alawa a baki duk da haka, wai alheri ba ya jiran sanarwa, ta yi gaba neman keken haya mai ƙafa uku. Phadke ya tsaya ya tambaya a hankali ko yarinyar ce ta samu. Ta ce ita ce.

"Kin yi daidai. Ki ce mata ta riƙa ɗaure notin bi da bi, kada ta gama da gefe ɗaya."

Vaidehi na tsaye, alawar a bakinta, har suka fita ƙofar jami'a.