Fankar Baba Mai Littafi

Ni na gyara fankar, kuma daga ranar tsohon ya daina mafarki.

Ba ni na kai kaina ba. 'Yarsa ce, malamar makaranta, ta tsallako shagona lokacin yana kwance a asibiti. Ta ce, "Baban 'yan biyu, jibi za a sallamo Baba. Likita ya ce zuciyar nan tasa hutu take so. Don Allah ka kashe mana kukan fankar ɗakinsa." Na ɗauki tsani na shiga. Boris, wato ƙarfen da take juyawa a kansa, ya cinye, noti biyu sun kwance, fiffike ɗaya ya karkace. Na canja boris, na ɗaure noti, na miƙe fiffike, na sa giris. Da na kunna ta, sai ka ɗaga kai kafin ka san tana juyawa. Tsohon boris ɗin na wurga shi a shara. Shekara ashirin da bakwai ina wannan sana'a, ba a taɓa dawo mini da aiki ba.

Kwana uku da dawowarsa aka ce yana kirana.

Baba Mai Littafi muke ce masa a layinmu. Littattafan labari yake rubutawa, goma sha ɗaya aka ce ya yi. Ni ban karanta ko ɗaya ba, daga aji uku na bar makaranta. Matata dai tana karantawa, ta yi ta dariya ita kaɗai kamar wadda aka taɓa. Na same shi a kan gadonsa na ƙarfe, an tokare masa baya da filo uku, takardu a cinya, kwalaben magani jere a bakin taga.

"Injiniya," ya ce, don haka yake kirana in yana jin tsokana, "ɗaga kai ka ga ɓarnar da ka yi."

"Wace ɓarna, Baba? Fanka ce kamar yau aka ciro ta daga kwali."

"Ai ita ce ɓarnar. Zauna."

Ashe kullum in ya ci abincin rana sai ya kishingiɗa a ƙarƙashinta. Ƙwanƙwasar da take yi sai ta bi shi har cikin barci. Yau ta zama jirgin ƙasa, gobe keken ɗinki, jibi wani yana buga ƙofa. Yana farkawa sai ya jawo biro.

"Rabin littattafaina ita ta rubuta," in ji shi. "Sauran rabin a shagon aski na tsinto, da cikin bas, da bakin shagonka in kana faɗa da masu kawo gyara."

"Ni?"

"Kana cikin guda uku. A ɗaya ma kai ne surukar."

'Yarsa tana bakin ƙofa ta toshe baki da hannu. Ni ban ga abin dariya ba.

Sai ya ɗaga takardun cinyarsa. Littafi na goma sha biyu ne, saura babi ɗaya. Labarin wani tela ne da ya shekara talatin yana neman ƙanensa da suka rabu kan wata 'yar magana. "Na kawo shi har ƙofar gidan, yana tsaye a nan tun kafin in tafi asibiti. Ban san wa zai buɗe masa ba. Likita kuma ya yi ta kwana-kwana, amma na ga fuskarsa. Lokacina ba yawa."

Na ce, "To ka ƙirƙira mana. Ba ƙarya ce sana'arka ba?"

"Ƙaryar da na zauna na shirya ido biyu, mai karatu yana jin warinta tun daga shafin farko. Wadda na gani a barci ita ake yarda da ita. Ka maido mini da kukan fankata."

Ban taɓa ɓata aikina da hannuna ba sai ranar. Na hau tsani na sassauta noti. Ya saurara, ya ce a'a. Na lanƙwasa fiffike. Ya ce wannan kukan agwagwa ne. Na kwaso tsofaffin boris huɗu daga shago na gwada ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Injiniya, wannan sabuwar fanka ce aka yi wa mugunta. Tawa shekara ashirin ta yi tana koyon muryarta."

Raina ya ɓaci. Na sauko na zauna a kujera, na buga sufana a ƙarfen gadon na ce, "Wai yaya take yi ne? Haka?"

Ya ɗaga yatsa. "Sake. Biyu a jere, ka ɗan tsaya, sai ka ja ta a jikin ƙarfen."

Na buga biyu, na tsaya, na ja.

"Ɗan rage hannu. Yawwa. Kar ka daina."

Ban kai bugu talatin ba na ji munshari. Na juya zan tashi, malama 'yarsa ta haɗa hannu biyu tana roƙona da ido. Haka na zauna ina buga ƙarfe fiye da awa ɗaya, ƙato da ni, da furfura a gemu. Da ya farka sai ya kama dariya har da tari.

"Na yi! Wallahi na yi! Wani maƙeri ne ya ɗora kaina a kan maƙera yana ta duka. Ba shi ne mafarkin da nake nema ba, amma hanya ta buɗe. Gobe ƙarfe biyu, kuma ka zo da ƙaramar sufana."

Na ce ina da aiki, kuma gaskiya ne. Wani otal ya kawo mini fankoki goma sha biyu, suna rataye a bangon shago, manaja ya ce mako ɗaya ya ba ni. Shekara huɗu ina bin aikin otal ɗin nan kafin ya faɗo hannuna. Amma ƙarfe biyu na yi na ga ƙafata ta tsallaka titi.

Rana ta biyu akuya ya gani tana cin takardar jarrabawarsa. Ta uku marigayiya matarsa ce ta zo tana yanka albasa a kan katako, tana yi masa faɗan bai canja riga ba. Ranar bai rubuta komai ba, ya yi ta murmushi har yamma. Ta huɗu na yi gyangyaɗi sufana ta faɗi, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "An ɗauke wuta ne?"

Magana ta zaga layi. In na wuce, mai aski ya leƙo ya ce, "Lamba nawa aka kunna ka yau?" Matata ta ce da ta san ina da wannan haƙuri da ni ta bar wa renon 'yan biyu. Wuyan hannuna ya kumbura, sukurudireba ma da ƙyar nake murɗawa. Manajan otal ya zo sau biyu ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Na uku ya same ni, na ce masa ina aikin wani babban mutum ne. Ya tambayi wane iri. Na ce na fanka.

Rana ta tara tsohon ya zabura tun ban yi rabin awa ba.

"Kira ta! Ta zo da biro!"

Hannunsa ya daina riƙe biro a lokacin, don haka malama ce ta zauna a gefen gado tana rubutawa. Wata yarinya ce ta buɗe wa telan ƙofa, sanye da rigar da ta yi mata yawa. Yana ganin wuyan rigar ya gane ɗinkinsa ne, wadda ya yi wa ƙanensa kafin su rabu. An yi mata faci ya fi goma, amma ba a jefar ba. Daga can ciki wata murya ta ce, "Waye ne? In mai gyaran fanka ne ki ce ya shigo."

"Ni kuma?" na ce.

"Na huɗu ke nan. Wannan karon namiji ne, ka gode Allah."

Kafin la'asar ta ɗiga aya ta ƙarshe. Ya sa aka dafa shayi, ya ce a zuba masa sukari cokali biyu, kar wanda ya gaya wa likita. Muka sha mu uku. Da zan tafi ya ce, "Gobe ma ka zo."

"Ba an gama ba?"

"An gama na mutane. Na gobe nawa ne."

Na zo. Ya gyara filo da kansa, ya ce in ja ƙarfen a hankali. Na buga biyu, na tsaya, na ja. Ya yi barci da ɗan murmushinsa. Ni ban san lokacin da munsharin ya tsaya ba, hankalina yana kan kar in ɓata lissafin bugun. Sai da malama ta shigo da ruwa, ta daɗe tana dubansa, sannan ta dafa hannuna mai sufanar ta ce, "Baban 'yan biyu, ya isa. Allah ya saka da alheri."

Allah ya jiƙansa.

Kwana uku ban buɗe shago ba. Ranar da na koma matata ta miƙo mini makulli ta ce mutanen otal sun zo da mota, ita ta buɗe musu. Na shiga na kunna fitila. Ƙugiyoyi goma sha biyu ne a bango, ba komai a jikinsu, ɗaya tana ɗan lilo don iskar da ta shigo tare da ni.